Yadda Ake Kallon Namun Daji da Furanni a Tafkin Saimaa na Finlan

Wanda ya saba da Yankari, inda ake hawa mota a yi zagaye ɗaya a dawo da labarin giwa da gwanki da gwaggon biri, zai iya kwana uku a dajin Finlan ya fito yana cewa ba kome a ciki sai itatuwa da sauro. Akwai abubuwa da yawa. Dabbobin can masu kunya ne, furanninsu ƙanana ne, kuma kowane fure da 'yan makonninsa biyu ko uku a shekara, wanda ya kuskure sai baɗi. Ƙasar tana da tafkuna kusan 188,000, daji ya rufe wajen kashi uku cikin huɗu na faɗinta. Babban tafkinsu shi ne Saimaa, a kudu maso gabas kusa da iyakar Rasha, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 4,400 da tsibirai kusan 14,000. Na rubuta wannan ne musamman don 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai ƙasar, waɗanda suke shekara da shekaru tsakanin ɗaki da aji da kanti, alhali wannan ni'ima tana tafiyar rabin yini daga Helsinki.

Fara da zaɓen wata

Wannan shi ne mataki mafi nauyi. Idan dabbar ruwan nan da suke kira norppa kake son gani, ka tafi daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni. Idan furanni ne, Yuni ne watansu, har zuwa tsakiyar Yuli. 'Ya'yan itatuwan daji kuwa sai ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Ni in an ce in zaɓi mako ɗaya tak, zan ɗauki makon ƙarshe na Mayu: norppa na kan duwatsu, tsuntsaye sun dawo suna kuka, farkon furanni sun buɗe, sauro bai gama fitowa ba.

Ka sani cewa a wannan lokaci dare ba ya yin duhu sosai. A ƙarshen Yuni rana takan wuce awa 19 a sama, ta faɗi, jan gari bai gama gushewa ba ta sake ɓullowa. Ka nemi jadawalin salla daga masallacin da kake bi tun kafin ka tashi, domin ido ba zai raba maka isha da asuba ba.

Wuri da hanya

Ka hau jirgin ƙasa daga Helsinki zuwa Savonlinna, da canji a Parikkala, tafiyar awa huɗu da wani abu. Daga nan akwai gandun daji biyu a cikin tafkin. Linnansaari, wanda aka kafa a 1956, shi ya fi sauƙi ga baƙo, ana shiga da jirgin ruwa daga ƙauyen Oravi ko daga ɓangaren Rantasalmi. Kolovesi, na 1990, an hana jirgi mai inji a cikinsa, sai kwalekwale, kuma a dutsen Ukonvuori akwai zanen da mutane suka yi da jan launi dubban shekaru da suka wuce. Wanda bai taɓa riƙe filafili ba ya fara da Linnansaari tare da ɗan jagora. Hukumar Metsähallitus ce ke kula da gandayen, a shafinta na intanet ake samun taswira da wuraren da aka hana sauka saboda tsuntsaye masu sheƙa.

Kaya da ƙa'ida

Takalmin roba mai tsawo, dogon wando mai haske, rigar ruwa, rigar sanyi ko da a Yuni ne, man sauro, madubin hangen nesa, ruwan sha da guzuri. A kan ruwa kada ka cire rigar ceto: a Mayu ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba, sanyin ruwan yana kashe hannu da ƙafa cikin 'yan mintuna, ko gwanin iyo ne kai. Lambar gaggawa 112 ce.

Finlan tana da wata tsohuwar al'ada da ta ba kowa, har baƙo, izinin yawo a daji, ko na wane ne, da tsinkar 'ya'yan itace da naman kaza da furannin da doka ba ta kare ba. Amma ba a shiga farfajiyar gidan mutum, ba a sare itace, ba a ɓamɓare gansakuka, ba a hura wuta sai da izinin mai ƙasa. A gandun daji wuta sai a murhun da aka tanada, in kuma hukumar yanayi ta yi gargaɗin gobarar daji, ka haƙura da ita ka ci guzurinka da sanyi. Sharar da ka shigo da ita, kai za ka fita da ita.

Neman norppa

Norppa dabbar ruwa ce mai shayarwa, jikinta mulmulalle kamar na ayu amma ƙarama, tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba, nauyinta kilo 50 zuwa 90. Fatarta mai duhu ce da zobba-zobba masu haske, kuma zanen kowace daban yake, da shi masu bincike ke gane su ɗaya bayan ɗaya a hoto. Irinta babu shi ko'ina a duniya sai Saimaa. Masunta sun ɗauke ta a matsayin ɓarauniyar kifi, har lada ake biyan wanda ya kashe ta, sai a 1955 doka ta kare ta. A farkon shekarun 1980 ba su kai 200 ba. Yanzu sun kai wajen 500.

A watan Fabrairu da Maris take haihuwa a cikin kogon da ta haƙa a tudun dusar ƙanƙara na bakin tsibiri. Da hunturu ya fara zuwa da ƙarancin dusa, sai mutane suka riƙa fita da shebur suna tara mata tudu da hannunsu don jariri ya samu mafaka. Daga 15 ga Afrilu kuma akan hana kafa raga a yankunanta na wasu watanni, saboda 'ya'yan suna sarƙewa a ciki su nutse. Duk lokacin da na tuna mutanen nan masu shebur cikin sanyin Janairu, raina yakan yi daɗi.

Ga yadda ake ganinta. A Mayu take sake gashi, don haka takan hau dutsen da ya ɗan leƙo daga ruwa ta kwanta ta bushe. Ka fita ranar da iska ta kwanta, rana ta fito. A kashe inji tun daga nesa, a bar jirgi ya tafi a hankali, kai kuma ka bi duwatsun bakin tsibiri da madubi ɗaya bayan ɗaya. Abin da kake nema dutse ne mai santsi fiye da 'yan'uwansa, mai lanƙwasa kamar ayaba, kai sama, wutsiya sama. Ta farkon da na gani na ɗauka buhun gawayi ne da ruwa ya kawo, sai da ta ɗaga hannu ta sosa ciki. Idan ta fara ɗaga kai tana kallonku a kai a kai, kun matso da yawa, ku ja da baya. In ta sulale cikin ruwa kun katse mata bushewar da take bukata. Ba a ɗaga murya, ba a tayar da na'urar ɗaukar hoto mai tashi a kanta.

Ka buɗe kunne

Yawancin tsuntsayen nan kunne ke fara kama su. Ka samu dutse mai fuskantar ruwa bayan faɗuwar rana, ka zauna rabin awa ba motsi, waya a aljihu. Kukan da zai fara ratsa tafkin, dogo mai tashi sama, na kuikka ne, tsuntsun nutso mai baƙin maƙogwaro da zanen fari da baƙi a baya. Mai busa kamar kakaki kuwa laulujoutsen ne, fari fat, ya fi dinya girma, wuyansa dogo, gindin bakinsa rawaya. Shi ne tsuntsun ƙasa, hotonsa ne a kan sulen yuro ɗaya na Finlan. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce farauta ta kusa ƙarar da shi, sai wani likitan dabbobi, Yrjö Kokko, ya rubuta littafi a kansa a 1950 wanda ya juya zukatan mutane. Yau dubbai ne.

Da safe ka duba ƙololuwar dogayen bishiyoyi masu ganyen allura a ƙananan tsibirai. In ka ga tarin kirare kamar an ɗora wa bishiya gammo, sheƙar shahon ruwa ce, sääksi a bakinsu, kuma Linnansaari ta yi suna da yawansu. Yakan tsaya cak a sama, ya faɗo ƙafa gaba cikin ruwa, ya taso da kifi, ya girgiza jiki a iska, sannan ya juya kan kifin gaba ya wuce. Kada ka sauka a tsibirin da yake sheƙa, domin uwa na tashi ƙwai zai yi sanyi ko hankaka ya sha.

Manyan dabbobi sai sa'a. Hirvi, mai kama da gwanki amma ya ninka shi nauyi, yakan fito bakin fadama da almuru. In ka ga mace da ɗa, ka ba ta hanya. Kututturen da aka gwaguye ya yi tsini kamar fensir aikin majava ne, mai datse rafi da itace, kuma irin da ke wannan yanki daga Amurka ta Arewa aka kawo shi a 1937. A gindin tsohuwar bishiya in ka ga kashi rawaya-rawaya kamar ƙwayar shinkafa, kurege mai tashi yana kogon sama, wanda a duk Tarayyar Turai sai Finlan da Estoniya ake samunsa. Beyar kuwa tana gudun mutum, mai son ganinta sai ya je ɗakunan laɓewa na Kuhmo ko Suomussalmi, can arewa.

Ka durƙusa

Furannin wannan daji ba a ganin su a tsaye. Ka rage sauri, ka bi gefen hanya da ido, inda ka ga launi ka durƙusa. A Mayu farin valkovuokko yakan shimfiɗe ƙarƙashin bishiyoyi masu farin ɓawo. Bayansa sai kielo, furen ƙasa: ganye biyu masu faɗi, tsakaninsu siririn kara mai jerin fararen ƙararrawa, ƙamshinsa kamar an buɗe kwalbar turare. Dafi ne daga saiwa har 'ya'ya, a hana yara.

Wanda na fi so shi ne vanamo, na ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Yana rarrafe a kan gansakuka cikin inuwa, karansa bai fi tsawon yatsa ba, a sama ya rabu biyu, kowane reshe da fure ɗaya ruwan hoda mai sunkuyar da kai, tamkar tagwaye sun zo gaisuwa. Sai ka kai hanci kusa da ƙasa za ka ji ƙamshinsa. Masanin tsirrai na Siwidin, Carl Linnaeus, ya so shi ƙwarai har sunan kimiyyarsa ya zama Linnaea borealis.

A fadama ka bi katakon da aka shimfiɗa, kada ka sauka. Za ka ga tupasvilla mai farin tunku kamar audugar rimi, da suopursu mai ƙarfin ƙamshi da ke sa wasu ciwon kai. Ka nemi kihokki, ɗan tsiro ja da bai fi sule ba, gashin ganyensa ɗauke da ɗigon danƙo mai ƙyalli. Ƙwaro na sauka ya manne, ganyen ya naɗe shi a hankali ya narkar, domin ƙasar fadamar ba ta da taki. A Yuli kuma, a lungunan da ruwa ya kwanta, za ka ga abin da ka sani tun daga kududdufin garinku: bado, fari, ya buɗe da hantsi ya rufe da yamma. Lumme suke ce masa, shi ne furen lardin Savo ta Kudu.

Ka ɗauki hoton fure da ganye da inda ya tsiro, ka bar shi a wurinsa. Manhajar iNaturalist tana taimakawa wajen gano suna.

Abin ci da abin gudu

Mustikka shuɗiya ta ƙarshen Yuli, mai rina baki, da puolukka ja mai tsami ta Satumba, kowa na iya tsinka. Amma akwai sudenmarja, baƙar ƙwaya guda ɗaya a tsakiyar ganye huɗu, wadda dafi ce. Naman kaza kada ka ci ko ɗaya sai ɗan ƙasa masani ya duba maka shi a hannu, akwai wani fari tas da ke lalata hanta. Macijinsu mai dafi ɗaya ne, kyy, mai zanen zigizaga a baya. Yana shan hantsi a kan duwatsu, in ya ji taku yakan gudu, in ya sari mutum a kira 112.

Sauron can ba ya ba da zazzaɓin cizon sauro, kaska ce abin tsoro, domin tana ɗauke da cuta iri biyu, ɗaya ana maganinta, ɗaya mai taɓa ƙwaƙwalwa sai rigakafi. Ka cusa ƙafar wando cikin safa. Kowane dare ka tuɓe ka duba bayan gwiwa, hammata, cibiya da bayan kunne. In ka same ta, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, ba mai ba wuta. Jan zobe mai faɗaɗa a wurin bayan kwanaki alama ce ta zuwa asibiti.

In ka koma a tsakiyar Satumba don puolukka, za ka tarar da sheƙar shahon ruwa wayam. Sun yi kudu, da yawansu zuwa Afirka ta Yamma, inda suke cin kifin koguna da tafkuna har ƙarshen hunturu. Manya suna komawa Saimaa a Afrilu, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a bana kuwa sukan yi kusan shekara biyu a wajenmu kafin su koma.