Kawar da Sinadarin Isturojin daga Ruwan Ƙazantar Gidaje: Nazari daga Ingila, Kanada da Suwizalan

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda sinadarin isturojin ke fita daga jikin ɗan'adam ya bi magudanai zuwa matatun ruwan ƙazanta, da illarsa ga kifaye, da hanyoyin kawar da shi. An gano cewa matatun da aka saba da su suna rage sinadarin amma ba sa gamawa da shi, don haka ana buƙatar ƙarin matakin tacewa, wanda tsadarsa ta haifar da muhawarar wanda zai biya.

1.0 Gabatarwa

Isturojin sinadari ne da jiki ke samarwa domin tafiyar da al'amuran haihuwa, musamman a jikin mace, kodayake namiji ma yana da kaɗan. Manyan nau'o'insa na halitta uku ne, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da E1 da E2 da E3. Akwai kuma na huɗu, EE2, wanda ake haɗawa a masana'anta domin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Kafin jiki ya fitar da su ta fitsari, hanta kan ɗaure su da wasu sinadarai da ke dakushe ƙarfinsu. Sai dai bakteriyar da ke cikin magudanai kan kwance wannan ɗauri, ta yadda sinadarin kan isa matata da ƙarfinsa.

2.0 Yadda Aka Gano Matsalar

A shekarar 1994 masu bincike a Ingila, ciki har da John Sumpter na Jami'ar Brunel, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sanya kifaye maza cikin keji a bakin mafitar matatu, sai jikinsu ya fara samar da furotin ɗin da mace ke amfani da shi wajen gina gwaiduwar ƙwai. A 1998 Susan Jobling da abokan aikinta suka nuna cewa a kogunan Ingila da dama, ana samun ƙwayayen mace a cikin gaɓoɓin haihuwar kifaye maza.

Saura tambaya ɗaya: ko hakan na iya ƙarar da zuriyar kifin baki ɗaya? Amsar ta fito daga Kanada. Daga 2001 zuwa 2003, ayarin Karen Kidd ya riƙa zuba EE2 a wani tafkin gwaji da ke lardin Ontariyo, gwargwadon nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Duk da ƙanƙantar wannan adadi, wani nau'in ƙananan kifaye ya kusa ƙarewa daga tafkin, kamar yadda rahotonsu na 2007 ya bayyana.

3.0 Abin da Matatun Yau da Kullum ke Iya Yi

An tsara waɗannan matatu ne domin cire tarkace da dauɗar da ke ruɓewa, wasunsu kuma har da naitirojin da fosfaras. A matakin farko ana barin ruwa ya kwanta, kuma isturojin kaɗan ne ke fita a nan. Babban aikin yana mataki na biyu, inda ake hura iska cikin laka mai ɗauke da bakteriya, dabarar da Ardern da Lockett suka bayyana a Mancesta a 1914. Bakteriyar kan sarrafa E2 ya koma E1 cikin sauri, sannan ta narkar da E1. Shi kuwa EE2 yana da taurin kai, domin tun asali an gina shi ne ya jure wa aikin hanta.

Nasarar matakin ta dogara da daɗewar laka a cikin matata. Idan ta wuce kimanin kwana 10, bakteriya masu jinkirin hayayyafa kan sami damar yaɗuwa, kuma cirewar kan inganta. Sanyin hunturu kan rage kuzarinsu. Wani kaso na sinadarin kuma yakan manne da laka, wanda ke nufin yana iya kaiwa gona idan aka yi taki da ita.

4.0 Mataki na Huɗu

Dabaru biyu ne suka fi karɓuwa. Ta farko ita ce iskar ozon, wadda ke farfasa sinadarin har ya rasa ƙarfinsa. Illarta ita ce takan haifar da wasu sinadarai masu cutarwa, shi ya sa ake bin ta da matatar yashi. Ta biyu ita ce gawayi na musamman mai ɗimbin ƙananan ƙofofi da ke kama sinadarin, amma dole a riƙa sabunta shi.

Suwizalan ce ta fara mayar da wannan mataki dokar ƙasa. Matatar Neugut da ke Dübendorf ta fara aiki da ozon a 2014, dokar kuma ta soma aiki a 2016. An ƙudurta inganta matatu kimanin 100 daga cikin kusan 700 kafin 2040, domin cire kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan sinadarai. Kuɗin yana fitowa daga harajin da bai wuce faran 9 ba a kan kowane mutum a shekara. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar dabam: dokarta ta 2024 ta wajabta matakin a manyan matatu kafin 2045, ta kuma ɗora aƙalla kashi 80 na kuɗin a kan masana'antun magunguna da na kayan kwalliya.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kawar da isturojin yana farawa ne daga kyautata matakin bakteriya, kafin a kai ga ozon ko gawayi. Tsawaita zaman laka gyara ne da matata za ta iya yi da kayan da take da su muddin tankunanta sun wadata. Mataki na huɗu kuwa yana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa, da ƙwararrun ma'aikata, da dokar da ta fayyace wanda zai ɗauki nauyinsa, ko mai amfani da ruwa kamar a Suwizalan, ko masana'anta kamar a Tarayyar Turai.