Kwanciya Ba Ta Warkar da Gwiwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙauyukan Tsanyawa, wadda nake ji daga bakin magidanta da 'ya'yansu ba dare ba rana, wai mutum in ya haura arba'in ya samu targaɗe ko karaya ko ciwon baya, to babu abin da ya fi masa maslaha illa ya kwanta, domin motsi yana cinye ƙashi. Wannan zance ba shi da hujja ko kaɗan, kuma illar da yake yi wa jama'a ta fi ta raunin kansa.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, tsokar ɗan Adam tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma da zarar ya wuce talatin, kuma kwanciya ta mako biyu kacal tana gaggauta wannan naƙasa ƙwarai. Saboda haka manomin da aka ɗaure masa ƙafa wurin mai ɗori, aka bar shi a tabarma wata uku ba a ce masa ya motsa ko yatsa ba, ko da ƙashin ya haɗu, zai tashi da cinya a shanye da gwiwa a sandare, har zaman tahiya ya gagare shi, sa'an nan a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ma gaskiya ne. Gaɓa kamar ƙyaure take, in an daɗe ba a buɗe ba sai ta cije. Ina nanatawa, duk gaɓar da ba a ɗaure ba a riƙa motsa ta tun ranar farko, wadda aka ɗaure kuwa a fara lanƙwasa ta da zarar likita ya yi izini.

Wani zai ce ai noma motsa jiki ne. Na'am, amma noma na damina ne, yana kuma maimaita sunkuyo iri ɗaya, da rani kuwa sai zaman dandali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha da a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da minti 150 na tafiya mai ɗan sauri. Ba a buƙatar na'ura: ka zauna a kujera ka miƙe sau goma ba dafawa, ka huta, ka maimaita, ka ɗaga jarka da ruwa kaɗan, kana ƙarawa sannu a hankali, in za ka ɗauki buhu, ka durƙusa da gwiwa, baya a miƙe. Ciwon da ya lafa kafin wayewar gari ba laifi, wanda ya kwana ya ƙaru kuwa alama ce ta a rage nauyi.

Abin takaici, maimakon haka sai a garzaya kemis a sayo haɗin ƙwayoyi masu ɓoye zafi, alhali suna iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Hukumomi ma da laifinsu, domin masanan gashin ƙashi sun taru a birni, sai talaka ya biya kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Duk da haka, wanda ƙafarsa ta mutu, ko fitsari ya ƙwace masa, ko gaɓa ta kumbura da zazzaɓi, kada ya tsaya motsa jiki a gida, ya tafi asibiti a ranar.