Zaɓen Makarantar Kuɗi: Ina Ya Kamata Iyaye Su Sa Ido?

Duk sa'ad da watan Satumba ya gabato, iyaye da yawa a cikinmu sukan shiga nema wa 'ya'yansu makarantar kuɗi. Tun da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, aka kuma soma shirin UPE a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, amincewar iyaye da makarantun gwamnati ta yi ta raguwa. A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar cewa iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu, kuma hakkinsu ne su zaɓa musu makaranta. Wanda aka danƙa wa zaɓi kuwa, shi za a tambaya.

To, me muke dubawa? Galibi bene, da motar ɗaukar yara, da kyan yunifom, da ɗan maƙwabci mai zuba Turanci. Waɗannan ba laifi ba ne, amma ba bene ke koyar da yaro ba, malami ne. Saboda haka mu tambaya: malaman suna da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya? Shekara nawa suka yi a wurin? Inda ake sauya malamai kowane zango, sau da yawa albashi ne ba ya fita, malami mai yunwa kuwa hankalinsa yana waje. Manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade yara 35 ga malami ɗaya a firamare. Mu leƙa aji mu ƙirga da kanmu. Mu kuma karɓi littafin rubutun wani ɗalibi, mu ga ranar da jan biro ya taɓa shi.

Sakamakon jarrabawa ma yakan ruɗe mu. Makarantar da ke alkawarin kowa zai ci WAEC da NECO abar tsoro ce, gama akwai inda ake sayar da amsa. Yaro ya fito da takarda, kai babu kome, ya kuma koyi cewa ha'inci hanya ce. In hukumar ta gano, ta soke sakamakon.

Kafin mu biya ko kwabo, a nuna mana takardar izini daga Ma'aikatar Ilimi ta jiha, a rubuta mana jimlar kuɗin shekara duka, har da na littattafai da na bikin yaye ɗalibai. In makarantar kwana ce, mu ji ko za a bar yaronmu ya je Misa ran Lahadi.