Darasi na 12: Warin Fenti da Danshi a Cikin Gida

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, wataƙila kun taɓa shiga ɗakin da aka yi wa sabon fenti gab da biki, wari ya bugi hancinku har idanunku suka kawo ruwa. Wataƙila kuma kun taɓa jawo akwati daga gindin bango a tsakiyar damina, kuka tarar tufafin ciki sun yi fumfuna. Waɗannan matsaloli biyu ’yan uwan juna ne, domin sau da yawa danshi ne yake ɓata bango har a nemi fenti, fentin kuma ya bar wari. A wannan darasi za ku ga cewa rufe matsalar ba ya kawar da ita. Sai an nemo tushenta, an kuma bar iska ta yi aikinta.

Daga ina warin fenti yake fitowa?

Fentin gida iri biyu ne: wanda ake sirkawa da ruwa, da fenti mai mai, wanda ake sirkawa da tina ko kananzir. Yayin da fenti yake bushewa, sinadaran da suka sa shi ya zama ruwa-ruwa suna tashi su bi iska. Su ne hancinku yake shaƙa. Fenti mai mai ya fi ɗayan wari nesa ba kusa ba, kuma warin ya fi ƙarfi a kwana 2 zuwa 3 na farko, ko da yake ragowarsa kan ɗauki makonni.

Shaƙar wannan iska tana jawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro. Jarirai da mata masu juna biyu da masu ciwon asma sun fi kowa cutuwa, saboda haka kada su kwana a ɗakin sai warin ya tafi.

Yadda za ku kore shi

Ku buɗe tagogi da ƙofofin da suke fuskantar juna, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Idan akwai fankar ƙasa, ku ajiye ta a bakin taga tana kallon waje, ta riƙa tura gurɓatacciyar iskar. Ku fitar da katifa da labule da darduma tun kafin a fara aiki, saboda suna riƙe wari. Ku rufe gwangwanin fenti sosai, ku kai shi waje tare da burushi.

Wasu sukan kunna turaren wuta don su danne warin. Ƙamshin yakan rufe hanci ne kawai, sinadaran suna nan, ga hayaƙi ya ƙaru. Ban da haka, tururin tina da na kananzir yana kama wuta, don haka kada ku kawo garwashi ko kyandir ko risho kusa da ɗanyen fenti. Kwanon gawayi da ake ajiyewa a kusurwa yana iya rage wari kaɗan, amma bai kai buɗaɗɗiyar taga ba.

Hanyoyi 3 da danshi yake shiga gida

Yawan danshi ya danganta da inda kuke zaune. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta kai 800 ba. Bangon da zai bushe da wuri a hunturun Arewa zai daɗe yana jiƙe a Legas ko Kalaba a watan Yuni. Duk da haka, hanyoyin shigarsa ɗaya ne ko’ina.

Na farko, daga sama ko gefe: kwanon rufi ya huje, ko bango ya tsage, ko famfo yana yoyo. Alamarsa tabo mai ruwan ƙasa a silin ko a saman bango. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Haka ma ruwa.

Na biyu, daga ƙasa: bulo yana zuƙar ruwa daga harsashi kamar yadda lagwani yake zuƙar kananzir. Za ku ga fenti yana ɓarewa a gindin bango, galibi ƙasa da mita 1, tare da wani farin gari mai kama da gishiri. Saboda wannan ne magina suke shimfiɗa leda mai kauri kafin su zuba kankaren daɓe.

Na uku, daga cikin ɗakin kansa: tururin girki, da na wanka, da na jiƙaƙƙun tufafin da aka shanya a ciki alhali tagogi suna rufe.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku manna gutsuren leda a bangon, ku liƙe gefunanta huɗu da salatif, ku bar ta kwana 2. Idan ruwa ya taru tsakanin leda da bango, daga bangon yake fitowa. Idan ya taru a fuskar da ke kallon ɗaki, iskar ɗakin ce take da laima.

Gyara kafin fenti

Ku fara toshe inda ruwa yake shiga, ku kuma share magudana don kada ruwa ya kwanta a jikin gida. Maginan Hausa na dā sun san wannan: sukan sake yaɓe kafin damina, su haɗa ƙasa da makuba, su sa dogon indararo don ya zubar da ruwan soro nesa da bango.

Bayan haka ku wanke fumfuna da ruwa da sabulu, kuna sanye da safar hannu da takunkumi, domin tana tayar da asma da tari. Idan za ku yi amfani da bilic, kada ku gauraya shi da maganin wanke masai, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda take lalata ƙwaƙwalwar yara; a jiƙa shi kafin a kankare, a kuma nisantar da yara daga ƙurar.

Sai bango ya bushe sarai za a shafa fenti. Sabuwar filasta tana bukatar kimanin mako 4, ko fiye a damina. Wanda ya yi gaggawa zai ga fentinsa ya kumbura ya ɓare, ya sake biyan kuɗin aiki, ya sake shaƙar wari. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ma’anar kalmomi

danshi: ’yar jiƙa da take kama bango ko tufa
fumfuna: baƙin abu ko kore da yake tsirowa a wuri mai danshi
sirka: ƙara ruwa ko wani abu don rage kauri
harsashi: tushen gini da ke cikin ƙasa
makuba: ruwan kwasfar ɗorawa da ake haɗa ƙasar yaɓe da shi
indararo: abin da yake zubar da ruwan sama daga rufin soro

Nahawu: umarni da hani

Umarni: Ku buɗe taga. Hani: Kada ku buɗe taga. Ku mayar da waɗannan zuwa hani:
a. Ku kunna kyandir.
b. Ki shanya tufafi a ɗaki.
c. Ka rufe ƙofa.

Tambayoyi

1. Wane irin fenti ne ya fi wari, kuma da me ake sirka shi?
2. Me ya sa turaren wuta ba ya magance warin fenti?
3. Ku kawo hanyoyi 3 da danshi yake shiga gida, da alamar biyu daga cikinsu.
4. Ku bayyana ma’anar karin magana biyu da ke cikin darasin.

Aikin gida

Ku duba bangon gidanku ko na ajinku. Idan kun ga alamar danshi, ku yi gwajin leda, sa’an nan ku rubuta abin da kuka gano cikin jimloli 5.