Allurar jijjiga tana tsinka jini?

Tambaya: Ni direba ne a Magama ta Jibiya, ina jigila zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Maiɗakina tana da ciki wata takwas, hawan jini ya kama ta har fuska ta kumbura. A asibiti an yi mata allurar maganiziyam a jijiya da ɗuwawu. Surukata ta ce allurar tana tsinka jini, kada a yarda a ƙara mata, wai za ta zubar da jini ranar haihuwa. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Maganar Inna tana da tushe, amma don Allah kada ku hana allurar.

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, filatilet, masu toshe rauni. Da zarar jijiya ta yanke, sinadarin kalsiyam yana kwarara cikinsu, sai su yi danƙo, su saki sinadarin da ke kiran 'yan'uwansu, su manne da juna har jini ya daskare. Maganiziyam kishiyar kalsiyam ne: yana tare masa hanya, yana rage wannan kira, yana kuma sa bangon jijiya ya fitar da abin da ke hana mannewa. Don haka idan ya yi yawa a jini, daskarewa takan ɗan yi jinkiri.

Sai dai jinkirin kaɗan ne. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon binciken Magpie, wanda ya ƙunshi mata kusan 10,000 a ƙasashe 33. Allurar ta rage aukuwar jijjigar da hawan jinin ciki ke jawowa da fiye da rabi, kuma ba a ga ta ƙara zubar jini bayan haihuwa ba. Kano ma ta shigar da ita manyan asibitocinta guda 10 a 2008, mutuwar masu jijjiga ta ragu ƙwarai.

Abin da nake ji wa maiɗakinka tsoro shi ne cutar kanta. Hawan jinin ciki idan ya tsananta yana cinye filatilet. Mai lafiya tana da 150,000 zuwa 450,000 a kowane mikrolita na jini. Idan suka faɗi ƙasa da 100,000, a nan zubar jini ke zama barazana. Ka roƙi a yi mata gwajin ƙidayar jini.

Ka lura kuma da ma'aikaciyar jinya kafin kowace allura: za ta ƙwanƙwasa gwiwa ta ga ƙafa ta zabura, ta ƙirga numfashi, ta duba yawan fitsari, domin ta ƙoda maganin ke fita. In ya yi yawa akwai makarinsa, allurar kalsiyam gulukonet.

Idan ta ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko dasashi na jini, ka ajiye lodi ka kai ta asibiti nan take. In an tura ku Katsina, ku tafi tun da rana, da takardar da aka rubuta lokacin allurar ƙarshe.