Kafin Ka Sallami Yaran Shago

Ɗana, Mahaifiyarka ta biyo ta nan ranar Juma'a, ta ba ni labarin yadda ƙaramar salla ta zo muku a shago. Ta ce har aka sauko daga idi akwai masu tsayuwa a ƙofa suna jiran ɗinkinsu, wani ma ya karɓi shaddarsa a yanke ya tafi yana Allah ya isa. Ta ce tun ranar ka lashi takobin sallamar yara biyu, ka kuma ci bashi ka ƙaro kekuna kafin babbar salla. Shagonka ne, ba zan hana ka ba. Amma tsakanin sallolin nan akwai wata biyu da kwana goma, ina roƙon ka ara mini mako guda daga ciki.

Lokacin da nake noman rani, wata safiya injin ban-ruwana ya yi mini gardama. Yana tashi, yana ruri, amma ko ɗigo ba ya fitarwa. Ga tumatir ya fara fure, ga rana tana dukansa. Na canza filogi, na sa aka wanke kafireto, na ɗora shi a babur har gari sau biyu. A can bakanike zai gwada shi a cikin duro ya ga yana jan ruwa lafiya lau, ya karɓi kuɗinsa, in dawo fadama abin ya ƙi. Rana ta uku wani dattijo da muke maƙwabtakar gona ya tsallako, ya tsuguna, ya yi mini tambaya ɗaya: mene ne ya canza tun ranar da ya daina? Sai na tuna a ranar ne muka ja mesa zuwa wani sabon gurbi, ta kan kututture. Ya bi mesar da tafin hannu a hankali har ya tsaya kan wata 'yar tsaga da ba ta kai tsawon farce ba. Ta nan iska take shiga, injin kuwa in ya samu iska ba ya iya zuƙo ruwa. Ya naɗe wurin da robar tayar keke, ruwa ya ɓalle. Kwana uku ina yi wa mai lafiya magani, don kawai shi ne mai ƙara a kunnena.

Ba ni kaɗai na taɓa yin wannan kuskure ba, har masu ilimi da kuɗi sun yi shi. Bayan farin shekarun 1970, ƙungiyoyi sun yi ta rainon itatuwa ana kai wa ƙauyukan jihar Maradi don a tare hamada. Mafi yawan dashen ba ya kai labari: wanda zafi bai ƙone ba awaki sun cinye, wanda ya tsira daga awaki gara ta gama da shi. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya zai rage wa tayoyin motarsa iska saboda rairayi. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin wanda manomi ke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen sai ya gane kututturen itace ne da aka sare tun tuni, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, yana ta tofo ana ta datse shi. Ashe gonakin cike suke da irinsa. Abin da ake buƙata shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya kare su.

Duk da haka mutane ba su karɓa nan take ba, kuma suna da dalili. A lokacin hukuma ce ke da iko da itatuwa, malaman daji na iya cin tarar mutum a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai yi rainon abin da ba nasa ba? Da manoma suka samu tabbacin cewa abin da suka raina su za su mora, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo. Bincike da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Ka ga an shekara da shekaru ana jigilar dashe a mota alhali dajin yana ƙarƙashin ƙafa.

To mu dawo shagonka. Riga ba ta fita sai ta bi hannaye da yawa: awo, yanka, haɗawa, aikin wuya, maɓalli, guga. A makon nan da na roƙa, ka sayi littafi na musamman. Duk kayan da ya shigo ka rubuta ranar da aka karɓe shi, da ranar da ya bar kowane hannu. Ba sai ka yi dogon lissafi ba, idonka ma zai nuna maka inda kaya ke taruwa. In masu keke suna gamawa su zauna suna hira saboda riguna sun maƙale wajen mai aikin wuya, ko kekuna goma ka ƙaro tulin ne kawai zai ƙara tsawo, ga bashi a wuyanka. In kuwa rashin wuta ne ke cinye muku rabin yini, maganarka da janareto ce ko sola.

Sannan ka yi wa kanka adalci. A ce shagon na iya fitar da kaya shida a yini, kuka yi kwana 25 kuna aiki cikin azumi, ka ga 150 ke nan. In ka karɓi 200, mutum 50 sun riga sun rasa kayan sallarsu tun ranar da ka ce musu "ba damuwa, za a yi". Na san kunya ce ke hana tela mayar da aiki, musamman na surukai da abokan uba. Amma wanda ka ce wa ba hali tun farkon azumi zai nemi wani telan, ku ci gaba da gaisawa. Wanda ka ajiye har daren salla kuwa da wuya ya sake tako maka ƙofa.

Ka kuma zauna da yaran, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su suka san almakashin da ya dakushe, da keken da ke tsinka zare, da sau nawa ake warware ɗinki don an rubuta awo a bayan kwalin shadda an yar. Amma yaron da ke jiran kora ba zai faɗa maka gaskiya ba, sai abin da zai tsirar da shi. Ka fara da cewa kai ma kana da naka laifin, za ka sha mamakin abin da za ka ji.

In ka gano inda matsalar take, ka gyara abu ɗaya tak, ka ba shi mako biyu ka gani. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko an dace ba zai san wanne ne ya yi aiki ba. Ka nemi shawarar telan da ya girme ka a sana'a, ka yi istihara kafin ka sa hannu a takardar bashi. Mutanen da aka ɓata wa rai kuma ka taka har gida ka ba su haƙuri, kada ka tura yaro.

Bayan duk wannan, in littafin ya nuna lallai akwai mai wasa da aiki, ka ja masa kunne, in ya ƙi ji ku rabu cikin mutunci, ka biya shi haƙƙinsa. A lokacin ka san abin da ka yanke a kan sani ka yanke shi.

Ka zo mini da littafin ranar Juma'a ta sama mu duba tare. Af, shaddata da na ba ka tun watan Sha'aban, ita ma ka rubuta ta a ciki, ina so in ga a hannun wa ta maƙale. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka.

Kawunka.