Amsoshin Tambayoyinku: Jinin Mutum Na Iya Warkar Da Gyambonsa?

Mai sauraronmu daga Kebbe yana tambaya ko da gaske ana warkar da gyambo da jinin mai shi. Malam, da gaske ne. Likita kan ɗebi jini kaɗan, na'ura ta juya shi har ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru, sannan a shafa su a ciwon. Su ke sakin sinadaran da ke sa sabon nama ya tofo, musamman a gyambon ƙafar masu ciwon suga. Wani zai ce a shafa jini a gida mana. A'a, ƙwayoyin cuta kawai za a ciyar. Ko a wurin likita ma, sai an wanke ciwo, an cire mataccen nama, an daidaita suga. Gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi babban asibitin Tambuwal.